Darasi Na 7: Mbuna, Kifin Cikin Duwatsu

Duk wanda ya san karfasa ya san dangin wannan kifi. Sunansa mbuna. Gidansa Tafkin Malawi, wanda ƙasashen Malawi da Tanzaniya da Mozambik suka kewaye. Mutanen Tonga na bakin tafkin ne suka raɗa masa sunan, ma'anarsa kifin dutse. Tsawonsa bai fi yatsa da kaɗan ba. Wani shuɗi ne mai ratsin baƙi, wani kuma ruwan ɗorawa shar.

Mbuna ba ya nisa da dutse. A jikin dutse yake kankarar gansakuka ya ci, a kogonsa yake ɓuya. Namiji kan zaɓi rami ɗaya ya tsare shi, duk wanda ya matso ya bi shi da cizo. Saboda haka in za ku kiwata shi a akwatin gilashi, ku fara da duwatsu. Ku wanke su tas ba tare da sabulu ba, ku jera su da kyau yadda ba za su rushe ba, domin kifin nan gwanin tonon yashi ne. Ku bar ramuka da yawa, wanda aka kora ya sami mafaka. Akwatin ya ci lita 200 ko fiye. Namiji ɗaya, mata uku ko huɗu.

Ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28. Da hunturu sai an sa na'urar ɗumama ruwa. Kowane mako ku canja kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwan famfo kuwa, a bar shi ya kwana a bokiti kafin a zuba.

Abincinsa mai ganye ne. Yawan ba shi tsutsa ko nama yana kumbura masa ciki, har ya mutu.

Ga abin da ke ruɗa sabon mai kiwo. Wata rana za ku ga mace ta ƙi cin abinci, maƙogwaronta ya cika, ta laɓe bayan dutse. Kada ku yi mata magani, lafiyarta ƙalau. Ƙwayayenta ne ta kwashe a baki. Haka za ta yi ta juya su kimanin mako uku, tana haƙuri da yunwa, sannan ta buɗe baki 'ya'ya su fito suna iyo. Ni dai ban san abin da ya fi wannan ban tausayi a cikin ruwa ba. Ku rage mata hayaniya, ku hana yara ƙwanƙwasa gilashin.

Aiki: Ku rubuta jimla biyu a kan dalilin da ya sa uwar mbuna take daina cin abinci.