Yadda Ake Auna Nasarar Albam Ɗin Kantiri a Jadawalin Billboard

Masu son waƙoƙin kantiri, wato salon kiɗan karkarar Amurka, har da waɗanda suka taso da kaset ɗin Don Williams, sukan kaure da musu kan wane albam ya fi wani, kuma hujjar ba ta wuce "ai ya zo na ɗaya." Wannan hujjar ba ta isa ba sai ka san yadda aka yi lissafin.

Ka fara tantance jadawalin da ake magana a kai, cikin waɗanda mujallar Billboard ta Amurka ke fitarwa duk mako. Top Country Albums na 'yan kantiri ne zalla, Billboard 200 kuwa kowa da kowa ne. Dukansu kasuwar Amurka kaɗai suke ƙirgawa, sauraron da kake yi a Kano ko Maraɗi ba ya shiga. Kada ka raina jadawalin kantirin. Come On Over na Shania Twain, wanda ya fito a 1997, bai taɓa wuce na biyu a Billboard 200 ba, amma ya yi mako 50 a saman jadawalin kantiri. Wanda ya duba babban jadawali kawai sai ya zaci albam ɗin bai kai ba.

Sai ka san makon. Tun 2015 ana ƙirgawa daga Juma'a zuwa Alhamis, domin ya dace da ranar Juma'a da sababbin albam ke fita. Kamfanin Luminate ne ke tattara alƙaluman. Hasashen da ake yaɗawa a tsakiyar mako ka bar shi, ka jira Lahadi a sanar da goman farko. 

Yanzu ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Idan ka ga an ce albam ya samu 500,000 a makon farko, ba faifai 500,000 aka sayar ba. Maki ne aka haɗa daga hanya uku, tun da Billboard ya fara sa sauraron intanet cikin lissafi a ƙarshen 2014. Sayen albam ɗaya maki ɗaya ne. Sayen waƙoƙi 10 ɗai-ɗai shi ma maki ɗaya. A ma'aunin da aka kafa a 2018, wanda aka riga aka sauya, sauraro 1,250 na masu biyan kuɗin wata maki ɗaya ne, na masu sauraren kyauta da talla kuwa sai ya kai 3,750. Akan sauya ma'aunin, saboda haka ka duba na shekarar da kake bincike.

To lura da abin da wannan ya haifar. Wanda ya saurari albam mai waƙa 10 sau ɗaya, sauraro 10 aka rubuta. Idan waƙa 36 ce, an rubuta 36. One Thing at a Time na Morgan Wallen waƙa 36 gare shi, ya buɗe da maki 501,000 a Maris 2023, mafi yawa daga sauraro. Ya yi mako 19 a saman Billboard 200, ya karya tarihin da albam ɗin kantiri ya taɓa kafawa a can, wato mako 18 na Ropin' the Wind da Garth Brooks ya fitar a 1991. Nasara ce ta gaske, ba na musu. Amma mutanen Garth Brooks ƙafa suka taka zuwa kanti suka zaro kuɗi suka sayi kaset da faifai. A wurina, albam ɗin da ya fito kafin 2014 ba a ɗora shi a sikeli ɗaya da na yau. Kullum ka nemi adadin waƙoƙi da adadin ainihin saye kafin ka buɗe baki.

Daga nan ka bi albam ɗin bayan makon farko, domin wancan makon na masoyan gani-kashe-ni ne. Cowboy Carter na Beyoncé ya buɗe da 407,000 a 2024, ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jadawalin kantiri. Traveller na Chris Stapleton kuwa ya fito a Mayun 2015 ba tare da wata hayaniya ba, sai da ya yi wasa da Justin Timberlake a bikin kyaututtukan ƙungiyar kiɗan kantiri, wato CMA, a Nuwamba sannan ya haye na ɗaya.

A ƙarshe ka duba shaidar RIAA, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka: zinare 500,000, filatinum miliyan 1, lu'ulu'u miliyan 10. Sai kamfanin mawaƙin ya nema ake bayarwa, don haka idan ba ka ga shaida ba, ka koma ga yawan makonnin da ya yi a jadawali.