Dashen wardi a tukunya lokacin sanyin Manchesta

Shekarar farko, tausayi ne ya sa na kashe rassan wardin da na dasa. Cikin Oktoba na yanko rassa 6 a jikin wardin maƙwabciyata, kowanne kaurin fensir, tsawon kamar santimita 20, na soke kashi biyu cikin uku a ƙasa. Da sanyi ya kankama sai na kwaso tukwanen na jera a falo kusa da hita. Nan da nan suka fito da ganye kore shar, ina ta murna. Ashe ɗan abincin da ke cikin karan suke ci, ko saiwa ɗaya babu. Kafin ƙarshen Janairu duk sun yi baƙi.

Wardi barci yake yi da sanyi, a bar shi waje ya yi abinsa. Abin da za ki kare shi ne tukunyar, domin ƙasar cikinta tana daskarewa da wuri fiye da ta lambu. Ni ina haɗa su wuri ɗaya a jikin bangon gida, inda iska ba ta dukansu, in naɗe su da buhun algarara ko ledar nan mai ƙwayoyin iska da ake ƙunshe kaya da ita. Tukunyar kaɗai ake naɗewa, kan reshen a bar shi ya sha iska. Ta roba ta fi, ta yumɓu ƙanƙara na iya fasa ta.

Amma a garin nan ruwa ya fi ƙanƙara ɓarna, don sama ba ta gajiya da zuba. In ƙasa ta daɗe a jiƙe, gindin reshen ruɓewa yake yi. Shi ya sa tun wajen dashe nake cakuɗa ƙasar da tsakuwa ƙanana, kusan rabi da rabi, sannan in ɗora tukunyar kan bulo biyu don ruwa ya samu hanya. Ban-ruwa kuwa sai na tura yatsa na ji a bushe, wani lokacin wata guda ban taɓa buta ba. Taki kuwa ba na sawa ko kaɗan.

Daren da aka ce ƙanƙara za ta yi tsanani, ina shigar da su gareji, in fito da su da ta lafa.

Wajen Afrilu za ki ga toho. Kada ki ja reshen don ganin ko ya kama, nan ma na taɓa yin asara. Ɗaga tukunyar ki leƙa ramin ƙasanta, in kin ga farin zare ya leƙo, saiwa ce. Ni ba na raba rassan zuwa tukwane dabam-dabam sai Oktoba ta zagayo.