Shirin ko-ta-kwana a jami'a: inda ake yawan tuntuɓe da yadda za a gyara

Jami'o'in gwamnati uku ne yanzu a arewacin Kamaru: ta Ngaundere da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa da aka kafa a 2008, sai ta Garwa da ta biyo baya a 2022. Kowacce da irin ƙasarta da irin hatsarinta. Harabar jami'ar Ngaundere da ke Dang tana da tazarar kilomita 15 ko kusa da haka daga tsakiyar Ngaundere, don haka duk motar agaji sai ta ci hanya kafin ta iso. Garwa tana bakin Binuwai, a ƙasan madatsar Lagdo. Marwa kuwa ga kogunan Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, waɗanda ke kwance da yashi duk rani, damina na sauka su cika su batse. Shi ya sa kwafo takardar shirin gaggawa daga wata jami'ar kudu ko ta Faransa, a sauya suna a buga hatimi, kuskure ne tun daga tushe. Takardar da ba ta san zafin Maris zuwa Mayu ba, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ba ta san sanƙarau na rani ba, ba ta san ambaliyar Agusta da Satumba ba, ado ce kawai. Gyaran mai sauƙi ne: a ɗauki kalandar karatu, a rubuta hatsarin kowane wata a gefensa, a fara shiri wata guda kafin lokacin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗauka cewa alhakin jami'a ya ƙare a bakin ƙofarta. Ɗalibai da yawa ba a ɗakunan kwanan jami'a suke ba, suna gidajen haya da ake kira mini-site, a unguwannin da ke kewaye. Leƙa ɗaki ɗaya ka gani. Katifa a ƙasa, tukunyar gas a kusurwa kusa da labule, waya ɗaya da aka jona wa fanka da dutsen guga da abin dafa ruwa da cajar salula huɗu. Taga an yi mata ƙarafa saboda ɓarayi. Ƙofar gidan guda ce tak, ana danna mata kwaɗo da dare, makullin kuma yana aljihun wanda wataƙila ya tafi kallon ƙwallo. Idan wuta ta tashi a nan ƙarfe biyun dare, wace takarda ce a ofishin shugaban jami'a za ta buɗe wannan kwaɗon?

Jami'a ba ta mallaki gidajen ba, gaskiya ne, amma tana da bakin magana. Ta zauna da masu gidajen da jauro ko lawan na unguwar, a amince da abubuwa kaɗan: a rataye makulli a wurin da kowa ya sani, a samu taga ko da ɗaya ce mai buɗuwa daga ciki, a ajiye bokitin yashi, a nuna wa kowane ɗan haya inda ake kashe wutar mita. Gidan da ya cika sharuɗɗa a sa shi a jerin da ake miƙa wa sababbin ɗalibai. Mai gida ya fi jin wannan yaren fiye da wa'azi. A kuma koya wa ɗalibai cewa ba a watsa ruwa a kan mai da ya kama wuta, rufe tukunyar ake yi, ba a kuma zuba wa wayar lantarki ruwa sai an yanke wutar.

Sai jiran umarni daga sama. Maigadi ya ga hayaƙi, ya kira shugabansa, shi kuma ya kira nasa, a yi ta hawa har a kai ga wanda wayarsa ke kashe. Ba laifin maigadin ba ne, an saba masa cewa wanda ya yi gaban kansa shi ke shan takardar tuhuma. A rubuta, a sa hannu, a manna a ɗakin gadi: duk wanda ya fara gani yana da ikon kiran 118 na 'yan kwana-kwana, 117 na 'yan sanda, 113 na jandarma ko 119 na motar asibiti, kafin ya sanar da kowa. A tabbata wayarsa na da caji. Mai kira ya faɗi abin da ya faru, da wurin, da yawan mutanen da abin ya shafa, sannan a tura wani ya tsaya a mararraba da tocila, domin ba kowane direba ne ya san lungunan haraba ba. Kowane mako a samu jami'i ɗaya mai jiran ko-ta-kwana, da mutum biyu a bayansa idan ba a same shi ba. Babban bala'i kamar ambaliyar 2024 da ta mamaye Yagwa da sassan Kuseri, hukumar mulki ce ke jan ragamar agaji, wato gwamna da prefe, shugaban gunduma. Bai kamata ranar ce za a fara neman lambar ofishinsu ba.

Batun sanarwa ma ana sake da shi. Wanda ya zauna a Marwa a Yulin 2015, lokacin hare-haren ƙunar baƙin wake, ya san yadda ƙarar tayar mota kan watsa taro. Yau jita-jita ta samu WhatsApp, cikin minti kaɗan saƙon murya ya zagaye kowane aji. Shirun hukuma shi ke ba ta abinci. Mutum ɗaya ya yi magana da yawun jami'a, da wuri, ko da abin da zai ce bai wuce "mun sani, ku nisanci gini kaza, za mu ƙara bayani nan da rabin awa" ba. A fitar da shi da Faransanci da Ingilishi, a maimaita da Fulatanci da Hausa saboda masu gadi da masu abinci da 'yan acaɓa, waɗanda galibi su ke fara kai mai rauni asibiti. Kada a dogara da intanet kaɗai. Gajeren saƙon waya da lasifikar hannu da usur suna aiki ranar da wuta ta ɗauke.

A manyan ɗakunan lacca, amfi kenan, akan kulle ƙofofin gefe don hana satar shiga jarrabawa. A sa mutum ya tsare ƙofa, amma kada a sa mata sarƙa alhali ɗaruruwa na ciki. Tukunyar kashe wuta kuma a duba allurarta, in ta bar kore a kai ta ciko. Atisaye sau ɗaya a kowane zango ya wadatar, muddin da delegen aji, wato wakilin ɗalibai, da masu shara a ciki, ba shugabanni kaɗai a gaban kyamara ba.

Cuta ba ta zuwa da ƙara, don haka ake makara da ita. Ɗalibi ɗaya mai gudawa kamar ruwan shinkafa, alamar kwalara, ya isa a sanar da hukumar lafiya, ba sai sun kai goma ba. Kafin a isa asibiti a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa sha. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuwa ba na shagon magani ba ne, asibiti ne kai tsaye. Asibitin jami'a da ke rufewa da yamma yana bukatar lambar da ake ɗauka da dare.

Akwai kuma ƙirga mutane bayan an fita, wanda kusan kowa ke mantawa. Kowane gini ya samu wurin taruwa sananne, delege ya kira suna. A nan ne ake gane ko rajistar jami'a na da amfani. Ɗalibai 'yan Cadi suna da yawa a Ngaundere da Marwa, wasunsu ba su da ɗan'uwa ko ɗaya a garin. Ranar rajista a karɓi lambar mutum biyu, ɗaya na gida ɗaya na kusa, tare da lambar ƙasa, a sabunta su kowace shekara, a kuma ajiye kwafi a takarda a ɗakin gadi da asibitin jami'a.