Kurakuran da sababbin malamai ke yi da waya da kwamfuta a ajin koyon sana'a

Duk shekara sai an kawo mana sababbin malamai a cibiyar da nake koyarwa, wasu 'yan bautar ƙasa, wasu kuma fitowarsu ke nan daga kwalejin ilimi, kuma duk shekara sai na ga ana maimaita ɓarnar da ni ma na taɓa yi. Ɗalibanmu ba yara ba ne. Akwai saurayin da ya gama sakandare amma karanta rasit na ba shi wahala, akwai matar aure mai 'ya'ya huɗu da ta zo koyon ɗinki, ga yaron kafinta, ga mai koyon wayarin. Ban da sana'ar, an ɗora mana mu gyara musu abu uku: karatu da rubutu, lissafi, da iya sarrafa waya da kwamfuta. Na gaji da jan kowane malami gefe ina yi masa bayani iri ɗaya, shi ya sa na rubuta wannan.

Babban kuskuren, wanda har yau in na tuna shi raina ke ɓaci, shi ne ka bar waya ta yi wa ɗalibi ainihin aikin da ya zo koya.

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, na mayar da darasin lissafina kacokan kan Google Forms, wato shafin Google da ake shirya tambayoyi a amsa ta waya. Kowane mako in tura tambayoyi goma ta WhatsApp, kowace da amsoshi huɗu, ɗalibi ya taɓa ɗaya, maki ya fito nan take. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, har bayan an koma aji ban daina ba. Maki sai hawa yake, ni kuma ina ganin na yi aiki. Ranar gwajin yanka a ajin ɗinki aka ba wata baiwar Allah, wadda ke cikin masu cin maki mafi yawa, awon ƙugu inci 34 ta raba huɗu ta zana a kan yadi. Ta ɗauko waya, kalkuleta ta ba ta 8.5. Ta shimfiɗa tef, ta sa yatsa a kan takwas, ta ƙirga 'yan layuka biyar, ta ɗiga alli. To, a tef ɗin tela an raba inci ne gida takwas, ba gida goma ba. Rabin inci yana kan layi na huɗu. Na biyar biyar bisa takwas ne. Wani zai ce ai ɗan bambanci ne, amma a ɓangarori huɗu ya zama rabin inci cur, kuma duk tela ya san abin da rabin inci ke yi wa riga mai kama jiki. Da na duba sauran, yawancinsu haka suke. Wasu ma sun kasa faɗa mini kwata nawa ne a inci ɗaya.

Da na nuna mata, sai ta ɗago ta ce, "Malam, to duk makin nan da nake ci na mene ne?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Wata uku tana biyan kuɗin mota, tana barin yara a wurin maƙwabta, ni kuma abin da na koya mata shi ne taɓa gilashin waya.

Ku fahimci yadda abin ke faruwa. Tambaya mai amsa huɗu, ko da ido rufe mutum ya yi canki-canka, zai iya samun ɗaya cikin huɗu. Amsar tana nan a gabansa, aikinsa kawai ya gane ta, alhali a shago babu mai jero maka amsoshi ka zaɓa. Sannan tambayar da aka amsa a gida ba ka san wa ya amsa ta ba: ɗanta ne da ke aji uku a sakandare, ko hoton amsoshin ne wani ya ɗauka ya tura wa kowa. Ni yanzu ga yadda nake yi. Google Forms yana da gurbin da ɗalibi zai rubuta amsa da kansa, shi nake amfani da shi. Aikin gida kuma a takarda ake yi da biro, a ɗauki hotonsa a turo mini, don hanyar da aka bi nake son gani, ba amsar kaɗai ba. Kalkuleta ban hana ba, amma sai ka fara rubuta kintacenka a gefe. Wanda zai raba 34 gida huɗu ya kamata ya san amsar ta wuce takwas, ba ta kai tara ba, tun bai taɓa waya ba. Kuma kowane darasin lissafi da kayan sana'a a hannu muke yin sa: tela da tef, inci 36 a yadi, magini da bulo mai inci shida da mai inci tara, mai wayarin da lissafin wat nawa fanka da firji za su ja daga batirin sola. Kafin in kawo kowace manhaja aji, tambaya ɗaya nake yi wa kaina: wane ɓangare na aikin wayar za ta ɗauke masa? In shi ne wanda nake koyarwa, na ajiye ta.

Wannan cutar tana da ƙanwa a ajin karatu da rubutu, wato saƙon murya. Za ka ga malami ya buɗe zauren WhatsApp don koyon rubutu, amma daga shi har ɗaliban kowa magana yake turawa. Wata guda ya wuce, babu wanda ya rubuta jimla ɗaya. A nawa zauren, ni ina haɗa rubutu da murya don mai rauni ya bi da ido yana saurare, amma amsa sai a rubuce, ko da kalma uku ce. Ranar farko nakan sa kowa ya ƙara Hausa a Gboard, wato allon buga rubutu na waya, ya ga inda ɓ da ɗ da ƙ suke, ya kuma kashe gyaran kalma na kai tsaye. Wanda bai bambance baki da baƙi ba, ko kaya da ƙaya, bai iya rubuta harshensa ba tukuna. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a ƙarshen 2022 kuma, wasiƙar neman aiki a gabana ake rubuta ta. Wanda ya kawo mini mai kyau daga gida, sai in ce ya karanta da ƙarfi, in tambaye shi ma'anar kalmomi biyu. Nan take gaskiya ke fita, kuma ba na kunyata shi, sai mu sake rubutawa tare.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin akwai rashin tausayi a cikinsa. Malami ya shirya darasinsa kamar kullum da wuta, kullum da sabis, kuma kowane ɗalibi na da babbar waya tasa ta kansa cike da data. Haba malam! Ka taɓa tambaya? Ka tura bidiyo mai tsawon minti ashirin da daddare, gari ya waye kana faɗa wai ba su kalla ba, ba su da himma. Wa zai biya? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don darasi ɗaya ya zama abin da ake tunani sau biyu, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Yaron da ke koyon kafinta, ɗan abin da ubangidansa ke ba shi na abincin rana shi kake so ya zuba a data. Mata da yawa a ajina da wayar maigida suke aiki, sai ya dawo bayan isha'i, in ma ya yarda. Wasu 'yar ƙaramar waya ce da su, ta kira da tes kawai. Irin waɗannan ba za su ce maka ba su da hali ba. Shiru za su yi, su fara fashi, wata rana ka nemi mutum ka rasa, kai kuma ka rubuta cewa ya gudu. Ni ma na rasa ɗalibai ta wannan hanya kafin in farga, kuma waɗanda suka fi buƙatar karatun ne suka fara tafiya.

A makon farko nakan raba 'yar takarda, kowa ya rubuta mini wace irin waya ce da shi, tasa ce ko ta aro, da yaushe take hannunsa. Wanda bai iya rubutu ba mu keɓe ya faɗa mini. Kada ka ce a ɗaga hannu. Magidanci ba zai ɗaga hannu gaban yara ya ce ba shi da waya ba. Bidiyo ni nake sauke shi sau ɗaya, a aji mu rarraba ta Xender, babu mai kashe ko kwabo. In kuna da tsohuwar kwamfutar cinya ko da ɗaya ce, ku sa mata Kolibri, manhaja ce ta kyauta da aka yi don wuraren da babu intanet: darussa na zaune a cikin kwamfutar, wayoyin da ke ɗakin su shiga ta wayifai ba tare da data ba. Nakan zaunar da mutum biyu a waya ɗaya, wanda ya fi rauni shi ke riƙe ta. Kuma ba na shiga aji sai da darasin nan a takarda da alli a aljihu.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kahoot, wato wasan gasar amsa tambayoyi ta waya, yana ba mai sauri maki fiye da mai natsuwa, don haka dattijon da ke haɗa baƙi a hankali kullum shi ne na ƙarshe a allo. Ni na daina amfani da shi a ajin manya. Kada ka kawo manhaja biyar a zango ɗaya, ɗaya ko biyu sun isa. Abin da Google Translate ya juya maka zuwa Hausa, karanta shi da bakinka kafin ka raba. Kada ka ba uwar 'ya'ya labarin yara mai hoton zomo. Ba ta rasit, da alat na banki, da takardar magani, su ne karatun da ke gabanta. Makin mutum a tura masa shi kaɗai, ban da zaure. Hoton ɗalibai ba ya hawa Facebook sai da izininsu, kuma kafin ka jefa lambar matar aure cikin zauren da ke da maza, ka tambaye ta.

Akwai kuma zaton da ake yi cewa duk saurayin da ke wuni a TikTok ya iya kwamfuta. Ba haka ba ne. Zaunar da shi gaban ta tebur ka ce ya buɗe fayil, ya rubuta sunansa, ya adana, ya sake nemo shi, za ka sha mamaki. Ga shi tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma cikin ɗalibanmu akwai masu burin wucewa kwalejin kimiyya da fasaha. Saboda haka kowane mako ina ware rabin sa'a don riƙe linzamin kwamfuta da buga rubutu kawai. Excel kuwa, manhajar lissafi ta kwamfuta, ba na fara shi da bayanin layi da gurbi. Nakan ce kowa ya kawo lissafin aiki ɗaya na gaske daga shagonsu, riga ko ƙofa ko wayarin ɗaki guda: kuɗin yadi, zare, zif, man janareta, ladan hannu. Ya fara tarawa a takarda, sannan ya shigar a kwamfuta, mu ga ko jimillar biyu sun zo ɗaya. In suka saɓa, ba ya tashi sai ya gano inda kuɗin ya ɓace.