Yadda iyaye za su bi da yaron da ADHD ta sa ake masa kallon mai kunnen ƙashi

A gidaje da yawa a Zariya akwai yaron da aka riga aka yanke masa hukuncin cewa ya gagara. An aike shi ya sayo daddawa, gishiri da ashana, sai bayan rabin sa'a ya dawo da ashana kaɗai, ga kuma malamin Islamiyya ya gaji da ce masa ya zauna wuri ɗaya. Sau da yawa abin da ke damun irin wannan yaro shi ne lalurar da likitoci ke kira ADHD, wadda ke hana shi tattara hankali da kame kansa, kuma tana shafar kusan yara 5 cikin 100 a duniya.

Ku fara da lura. Mai ADHD yakan manta ko hankalinsa ya tafi wani wuri, kuma yakan ji kunya idan aka tuna masa, alhali mai bijirewa da gangan yakan tsaya gardama ya ɗora laifi a kan wani. Halayen biyu suna yawan haɗuwa a jikin yaro ɗaya, kuma a ganina tsawa da bulala daga safe har dare suna da hannu a ciki, domin yaron da ya saba shan faɗa ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, ƙarshenta sai ya fara mayar da magana.

Don haka ku sauya salon umarni. Ku kira sunansa, ku jira ya dube ku, ku ba shi aiki guda ɗaya, sannan ku sa ya maimaita da bakinsa. Idan ya cika, ku yaba masa nan take, ko da "Allah ya yi maka albarka" ne kawai. Horo kuwa ya zama gajere kuma sananne tun farko, kamar hana shi wayar wasa na yini ɗaya, kuma uwa da uba da kaka su tsaya a magana ɗaya.

Idan alamun sun fara kafin shekara 12, sun wuce wata 6, kuma ana ganinsu a gida da makaranta, ku kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ku tafi da bayanin malaminsa a rubuce, domin likita zai so ya san halinsa a aji kafin ya yi maganar magani irin methylphenidate, wanda ba a sayensa a kemis sai da takardar likita.