Yadda ake gane bututun da aka tarar a tsakar gida kafin a sayi gidan

Mai neman gidan saye yakan zuba ido ne a kan ɗakuna da rufi da bango, ya wuce ɗan bututun da ya leƙo daga ƙasa a gefen tsakar gida ba tare da ya tambayi amfaninsa ba. Sau da yawa bututun ba wani abu ba ne, wataƙila ragowar turken shinge ne ko na igiyar shanya. Amma wani lokacin shi kaɗai ne ake iya gani na wani babban abu da ke binne a ƙasa, kamar tsohon tankin mai ko rijiyar da aka daina amfani da ita, kuma da zarar an sa hannu a takardar ciniki, yawanci nauyin abin da ke ƙasan ya koma kan mai saye. Saboda haka a yi binciken tun kafin a ba da kafin alƙalami.

Mataki na farko shi ne ka bar bututun yadda ka same shi. Kada ka jijjiga shi, kada ka buga shi da guduma, kada kuma ka sa masa zarto, domin yana iya kasancewa na iskar gas ne ko kuwa wayar lantarki ce a cikinsa. Ka tsaya kusa ka saurara, ka kuma lura da warin wurin. Kamfanonin gas suna zuba wani sinadari mai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a cikin iskar don a gane idan tana yoyo, don haka in ka ji irin wannan wari ko ƙarar hucin iska, ka ja da baya nan take, kada a ƙyasta ashana a wurin, a kira kamfanin da ke da alhakin layin. Haka kuma kada ka kai fuskarka bakin bututu mai faɗi don ka leƙa, domin iskar da ke taruwa a ramin bayan gida tana iya sumar da mutum.

Mataki na biyu shi ne ka tattara siffofinsa. Ka ɗauki hotonsa ta ɓangarori da dama, ka ajiye ma'auni a gefensa don girmansa ya fito a hoton, sannan ka auna faɗin bakinsa da nisansa daga bangon gida da kuma daga iyakar fili. Ka duba ko na roba ne ko na ƙarfe. Idan na ƙarfe ne, ka kanga masa maganaɗisu: zai kama baƙin ƙarfe, amma ba zai kama tagulla ko dalma ba. Ka lura da murfinsa sosai, domin murfi ya fi komai tona asirin bututu, kuma wani lokacin ma akwai rubutu a kansa da ƙasa ko tsatsa suka rufe.

Da waɗannan bayanai za ka shiga mataki na uku, wato kwatanta shi da ire-iren da aka saba gani. Bututun roba mai faɗin inci 3 zuwa 4, mai murfin da ake murɗawa, wanda ke kusa da bango ta wajen da banɗaki yake, galibi ƙofar da ake bi ce a buɗe magudanar ƙazanta idan ta toshe, kuma samunsa alheri ne ga mai gida. Wanda kansa ya lanƙwashe ya dubi ƙasa yawanci mafitar iska ce ta sokawe. Siririn ƙarfen da aka kafa daidai kusurwar fili kuwa yana iya zama alamar iyaka da safiyo ya dasa, wadda doka a ƙasashe da yawa ta hana a cire ko a gusar da ita. Akwai kuma na ban ruwan lambu da na kwashe ruwan sama, waɗanda ba su cika jawo wata damuwa ba.

Guda biyu ne suka cancanci a tsaya a kansu da kyau. Na farko shi ne tankin mai da aka binne. A ƙasashe masu tsananin sanyi an daɗe ana ɗumama gidaje da mai, kuma a wasu wuraren akan binne tanki don man injin ba da wuta. Alamarsa bututu biyu ne na ƙarfe ba nesa da juna ba: ɗaya mai faɗin kamar inci 2 da ake ɗura mai ta cikinsa, ɗayan kuma siriri mai murfi kamar ƙaramar laima, wanda iska ke fita ta nan, sau da yawa a jingine da bangon gida. A cikin gidan ma za a iya ganin siraran bututun tagulla guda biyu da suka ratso bango aka datse su. Tankin ƙarfe da ya shekara da shekaru a cikin ƙasa tsatsa na cinye shi, man da ya rage ya tsiyaye ya gurɓata ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta, har ya ketare zuwa filin maƙwabci. A ganina wannan shi ne abin da ya fi dacewa mai saye ya ji tsoro, domin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ya fi cire tankin kansa tsada nesa ba kusa ba, kuma babu wanda zai iya ƙiyasta girman ɓarnar ta hanyar kallon saman fili kawai.

Na biyu shi ne rijiyar burtsatse. Bututunta ya fi sauran faɗi, kamar inci 4 zuwa 6, kuma idan tana aiki za a ga wayar lantarkin injin jan ruwa ta shiga ta gefen murfin. Rijiya mai aiki dukiya ce, sai dai a gwada ruwanta. Wadda aka yi watsi da ita ba a toshe ba kuwa hanya ce da ƙazanta ke bi kai tsaye zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma idan bakinta na da faɗi, haɗari ce ga ƙananan yara. Ɗora mata dutse ko cusa mata shara ba toshewa ba ne; masu aikin rijiya suna cike ta ne tun daga ƙasa har sama da siminti ko wani irin yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa.

Mataki na huɗu tambaya ce. Ka tambayi mai gidan, ka nemi ya ba ka amsar a rubuce, ba ta bakin dillali kawai ba. Ba lallai ne yana ɓoye wani abu ba, domin shi ma wataƙila haka ya tarar da bututun. Maƙwabtan da suka daɗe a wurin sukan tuna abin da takarda ta manta, musamman idan gidajen layin lokaci ɗaya aka gina su. Ka nemi zanen ginin da taswirar fili, ka kuma duba ko hukumar da ke kula da gine-gine tana da bayanin wani tanki ko rijiya da aka taɓa ba da izininsu.

Idan mai gidan ya yarda, akwai gwaji mai sauƙi: wani ya buɗe famfo ko ya kora ruwan banɗaki, kai kuma ka saurari ko ruwa na gudana a bututun. Amma kada ka haƙa ƙasa don bin sawunsa sai an tantance inda layukan gas da lantarki da ruwa suka bi. A Amurka akwai lamba 811 da ake kira kafin haƙa, inda ake zuwa a shata layukan da launi: ja na lantarki, rawaya na gas da mai, shuɗi na ruwan sha, kore na magudanar ƙazanta. Inda babu irin wannan tsari, sai a tuntuɓi kowane kamfani da kansa.

Idan har yanzu da shakka, ka kira gwani wanda kai ka ɗauko shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Mai aikin famfo yana iya zura ƙaramar kyamara cikin bututun ya ga inda ya nufa, masu neman tanki kuma suna amfani da na'urar gano ƙarfe a ƙasa, sannan su ɗebi ƙasar da ke kewaye da shi a kai ɗakin gwaji.

Duk abin da aka gano, ka shigar da shi cikin yarjejeniyar ciniki. Idan tanki ne ko rijiyar da aka bari, a rubuta wanda zai cire ko ya toshe, da ranar da zai kammala, da takardar shaidar kammala aikin da sakamakon gwajin ƙasa da za a miƙa maka kafin ka biya cikon kuɗin. Idan kuma kai za ka ɗauki aikin, sai a rage kuɗin gidan gwargwadon ƙiyasin da gwani ya bayar a rubuce, bayan an ga sakamakon gwajin.