In Kai Ya Cushe, A Dafa Ɓawon Albasa

'Yan uwa masu ɗinkin hannu, ga abin da ya fisshe ni. Watan jiya na zauna da wuyan riga a gabana kwana shida, ko aska ɗaya ta adon riga na kasa zanawa.

Sai na ajiye ta, na tafi kasuwar Kejetia ta Kumasi na roƙi ɓawon albasa wajen masu sayarwa don in rina zare. Da dariya suka cika min leda. Na tafasa shi kamar awa ɗaya, na tace, na jefa farin zaren auduga da na riga na wanke da sabulu, ya kwana a ciki. Da safe ya fito ruwan zuma. Rabinsa kuma na tsoma a ruwan da tsofaffin ƙusoshi suka jiƙa, nan take ya juya kore-kore mai duhu. Kalolin nan biyu su suka ba ni zanen.

Ku fara a kan ƙyalle, ba kayan mutane ba, don hannu ya saki. Sobolo kam, wato zoɓo, kada ya ruɗe ku wajen rini, kyansa na kwana biyu ne, wanki ɗaya ya koɗe. A inuwa ake shanya zaren. Tukunyar ƙusoshin kuma kada ta koma kicin.